Waken Kalaba Da Waken Borno

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili cikin wannan mujalla tamu domin in biya wani bashi da ke kaina. Kwanakin baya ina cikin koyar da aji darasin abin nan da masana ke kira enzayim, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu da za mu je ƙauye mu koyar da yara ƙanana, ina ruwanmu da waɗannan sunaye masu karya haƙori? Ai wannan binciken Turawa ne, su ya dama." Aji ya tuntsire da dariya, kafin in buɗe baki kuwa sai aka buga ƙararrawa. To, ga amsarka yau, ɗana, kai da dukan waɗanda suka yi dariya.

Ra'ayina shi ne, wannan ilmin ya fi damunmu bisa ga Turawan da suka tono shi. Yana cikin ɗakin kwananmu, yana cikin buhun waken da a ke dafa mana, yana kuma cikin gonakin da iyayen yaranmu ke yi wa feshi. Malamin da ya bar kwalejin nan bai fahimce shi ba, ya tafi ƙauye da hannu ɗaya.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata shekara, ƙarshen damina, lokacin da sauro ke hana mutanen Maiduguri barci, sai na ji ana buga mini ƙofa da tsakar dare. Maƙwabcina ne, ya ce, "Malam, taimaka, yaron nan zai mutu!" Na shiga na tarar da yaro ɗan shekara huɗu kwance, yawu na dalala daga bakinsa, gumi ya jiƙe shi sharkaf, naman jikinsa na ta motsi shi kaɗai, ƙirjinsa na ƙara kamar a na dama kunu. Wata tsohuwa ta ce iska ce ta taɓa shi, a kawo turare. Wata kuwa ta ce a ɗura masa manja. Ni dai da shigata na ji wani wari da na sani. Na haska idon yaron da tocila, sai na ga ɗan baƙin nan na tsakiyar ido ya tsuke, ya zama kamar kan allura. Na ce wa uwar, "Hajiya, don Allah me aka zuba cikin ɗakin nan?" Ta ce, "Fiya-fiya ce kawai, Malam, na yayyafa bakin tabarma saboda sauro." Muka tuɓe masa riga, muka wanke shi da sabulu, muka ɗauke shi tare da kwalbar sai asibiti. Likita ya yi ta yi masa allura a kai a kai har ƙirjin ya bushe. Bayan kwana uku ya dawo gida da ƙafarsa, alhamdu lillahi.

Ni ba likita ba ne. Abin da ya sa na gane ciwon nan cikin daren nan shi ne darasin da ɗalibina ya raina. Saboda haka ku saurara in bayyana shi a taƙaice.

Enzayim wani ɗan ma'aikaci ne cikin jikin kowane abu mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Aikinsa ya gaggauta sāke wani abu ya koma wani, shi kuwa ba ya ƙarewa cikin aikin. Kowa ya taɓa ganin aikinsa ko da bai san sunansa ba. In ka tauna lomar tuwo ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ta soma zaƙi, enzayim na yawu ne ya mai da tuwon sukari. Iyayenmu mata da ke naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda don ya yi laushi, enzayim na gwanda su ke sawa aiki. Akwai dubbansu cikin jikin mutum, kowanne da nasa aiki, ba ya shiga na wani.

Wanda ya dame mu yau yana aiki ne a bakin jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Jijiyar ba ta manne da tsokar da ta ke ba umurni ba, akwai ɗan rata tsakaninsu. In saƙo ya iso bakin ratan nan, sai jijiya ta fesa wani ruwa mai suna asetilkolin, shi ya ƙetare ya ce wa tsoka ta motsa, ko ya ce wa zuciya ta rage gudu, ko ya ce wa baki ya kawo yawu. Cikin ƙwaƙwalwa ma shi ne ɗaya daga cikin manyan 'yan aiken da ke taimakon tunani da riƙe karatu. To, mu a Borno ba sai an gaya mana ba, almajiri ba ya samun sabon rubutu sai ya wanke allo. Haka abin ya ke a nan. Da saƙo ya isa, tilas a wanke shi nan da nan, domin na baya ya sami wuri. Mai wankin allon nan shi ne enzayim da a ke kira kolinestaras, yana kuwa cikin mafiya sauri da aka sani, guda ɗayansa yana farfasa ƙwayoyin saƙo fiye da 10,000 cikin sakan ɗaya.

Abin da fiya-fiya ke yi shi ne ta kama mai wankin allo ta ɗaure masa hannu. Sai saƙo ya yi ta taruwa bisa saƙo. Baki ya yi ta zubo yawu, fata ta yi ta gumi, ciki ya yi ta murɗa, ido ya tsuke, zuciya ta rage gudu, huhu ya cika da majina, daga nan sai jijjiga, sa'an nan tsokar numfashi ta gaji ta tsaya. Mai ƙarfi ma ta kan kayar da shi cikin 'yan sa'o'i, balle yaro. Haka ta ke kashe sauro, haka kuma ta ke kashe mutum, gama mai wankin allo iri ɗaya ne gare mu da su.

Yanzu ga abin da zai ba ɗalibina mamaki. Mabuɗin wannan ilmin daga ƙasarmu ya fita. A Kalaba akwai wani wake mai guba da mutanen Efik ke kira esere, dā can da shi a ke yin shari'a, a ba wanda a ke tuhuma da maita ya sha, in ya amayar ya rayu an wanke shi, in ya mutu an ce laifinsa ya kama shi. 'Yan mishan na Sikotilan da suka sauka Kalaba a 1846 suka riƙa aika waken gida. A 1855 wani shaihin malami na Jami'ar Edimbara, Robert Christison, ya ci gutsuren waken da kansa don ya ga aikinsa, da ya ji zai halaka sai ya kwankwaɗi ruwan sabulun da ya yi aski da shi ya amayar. A 1864 masana biyu a Jamus suka tsamo ainihin gubar daga cikin waken, aka sa mata suna fisostigmin. Wani likitan Edimbara kuma, Thomas Fraser, ya nuna cewa wani magani mai suna atirofin yana karya ƙarfinta. Wannan atirofin shi ne allurar da aka yi ta yi wa ɗan maƙwabcina. Ba ya kwance mai wankin allo, sai dai ya toshe kunnen zuciya da huhu kada su ji ihun saƙon, har jiki ya farfaɗo.

Amma duk wannan lokacin ba wanda ya san yadda gubar ke aiki. Sai a 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu, ya tsokani jijiyar ta fari har ta rage bugu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da ta ke ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma ta rage bugu. Nan duniya ta tabbata jijiya da ruwa ta ke aika saƙo. A 1926 shi da abokin aikinsa suka gane akwai enzayim mai wanke ruwan nan, kuma gubar waken Kalaba ita ke hana shi aiki. Da wannan binciken aka ba shi kyautar Nobel a 1936, shi da Henry Dale na Ingila.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Akwai wata muguwar cuta, mayasteniya, wadda ke sa saƙo ya kasa isa ga tsoka sosai, fatar ido ta faɗo, hannu ya mutu, mutum ya kasa haɗiya, wani har numfashi ya gagare shi. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi tunani ta ce, in saƙon ya yi kaɗan, me zai hana a ɗan riƙe hannun mai wankin allo don saƙon ya daɗe? Ta yi wa wata majinyaciya allurar fisostigmin ɗan mitsitsi, sai ga mata ta buɗe ido tana haɗiyar abinci. Har yau da dangin wannan maganin a ke jiyyar cutar. Tun 1876 kuma an yi amfani da shi a kan ciwon ido mai makantarwa da a ke kira gilakoma. A 1935 wani Baƙar fatar Amurka, Percy Julian, jikan bayi, ya haɗa shi cikin ɗakin gwaji ba tare da waken ba. Sa'an nan a 1976 masana a Edimbara suka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar Alzheimer, watau mantuwar nan mai tsanani da ke sa tsoho ya kasa gane 'ya'yansa, suka tarar enzayim mai ƙera asetilkolin ya ragu ƙwarai. Daga nan aka fito da magunguna masu ɗan rage saurin mai wankin allo, kamar donefezil da Amurka ta yarda da shi a 1996. Ba su warkad da cutar, amma su kan sassauta ta na wani lokaci.

Ƙofa ɗaya ce ke nan, guba ta shiga ta nan, magani ma ta nan. Bambancinsu gwargwado ne da sani. Ko atirofin ɗin nan da ya ceci yaron, akwai irinsa cikin zaƙami, wanda mu ke kira haukata-yaro, amma wanda ya ce zai jiƙa zaƙami ya ba mai ciwo a gida, ya ƙara guba bisa guba. Likita da awo ya ke bayarwa, yana sauraron ƙirji yana ƙirga bugun zuciya.

Ita kuwa fiya-fiya daga wani gida ta fito. A 1936 wani masani a Jamus, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwarin gona, sai ya faɗa kan wata guba mai ɗaure enzayim ɗin nan ɗauri mai wuyar kwancewa. Soja suka karɓe ta suka mai da ita makamin yaƙi. Daga danginta marasa ƙarfi aka yi magungunan feshi da yawa, cikinsu har da diklobos, wanda shi ne a kan tsiyaya cikin ƙananan kwalabe, ba suna ba awo, a sayar mana a bakin kasuwa da sunan fiya-fiya. Mu kuwa mun karɓe ta hannu bibbiyu. Muna yayyafa ta a ɗaki mu rufe ƙofa mu kwanta. Wasu 'yan kasuwa na zuba ta cikin wake don kada ƙwari su huda shi, wasu kan shafa wa bandar kifi. Masu feshi a gonakin bakin Alau da na Jere sau nawa mu ke ganinsu ba takalmi, ba safar hannu, iska na mai da feshin bisa fuskarsu?

Duniya ta riga ta lura da mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin ta yi ta samun diklobos a cikinsa fiye da ƙa'idarta ta miligiram 0.01 cikin kilo ɗaya, a 2016 kuma ta ƙara wa hanin wa'adi. Waken da aka ƙi karɓa can, wa ya cinye shi? A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da wannan guba cikin ƙananan kwalabe a kasuwa. Doka ta yi nata, amma doka ba ta shiga ɗakin kowa da dare. Wanda ke shiga kowane gida shi ne yaron da malami ya koyar.

Kada kuma malami ya ce abin bai kai makaranta ba. A watan Yuli na 2013, a wata makarantar firamare ta ƙauye a jihar Bihar ta Indiya, yara 23 suka mutu bayan sun ci abincin rana na makaranta, aka bincika aka sami irin wannan guba ta feshi cikin man da aka yi girki da shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai kuma ɓarnar da ba ta da ihu. A 2011 masana na Jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok suka buga sakamakon bin yara 265 tun daga haihuwa har shekara 7, suka ga waɗanda aka sami wani ɗan'uwan wannan guba da yawa cikin jinin cibiyarsu sun fi rauni wajen riƙe abu a ka. Wannan kuwa aikinmu ne ya taɓa kai tsaye. Muna dukan yaro don ya kasa riƙe karatu, alhali ba mu tambayi abin da ya shaƙa tun yana ciki ba.

Na san abin da za a ce mini, an kuwa sha faɗa mini. Za a ce, Malam, sauro ma kisa ya ke yi, zazzaɓinsa ya fi fiya-fiya cin yara. Za a ce ɗan kasuwa in bai sa magani ba, kafin bazara wakensa ya zama gari, wa zai biya shi? Gaskiya ne duka, ba na kuwa zagin uwar da ke neman wa ɗanta barci, ko manomin da ke tsare guminsa. Ba kuma cewa na ke a bar cin wake ba, ko a bar feshi a gona, akwai magungunan da aka yi domin haka, da awonsu da kwanakin da a ke jira a rubuce jikin kwalba. Abin da na ke cewa shi ne, akwai hanyar da ba ta bi ta kan ran yaro ba. Gidan sauro mai magani yana nan. Domin wake kuwa, binciken da ya kawo mafita a maƙwabtanmu aka yi shi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da na Kamaru suka zauna a Marwa suna gwada dabarun manoma, har da cuɗa wake da toka da shanya shi a rana mai zafi, irin na kakanninmu. Daga nan buhun nan mai riɓi uku ya fito, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, wanda aka soma yaɗa shi sosai a 2007 da sunan PICS. In wake ya bushe aka ɗaure kowane riɓi tam, ƙwarin da ke ciki su kan shanye iskar su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Ya fi buhun banza tsada, amma a kan yi shekaru a na mora, araha kuwa ba ta ado.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na fari ga ɗalibai. Ku koyi yadda gubar ke aiki, kada ku tsaya ga "an hana". Mutum in ka ce masa kada ya yi, ya kan yi bayan ka juya. In ka nuna masa dalili, shi zai hana wani. Ba sai da ɗakin gwaji ba. Ku sayi 'yar ɗanyar hanta, ku jefa gutsure cikin ruwan nan mai kumfa na wanke rauni da a ke sayarwa a kantin magani, yara za su ga kumfa ta taso. Ku jefa dafaffiya, ba abin da zai faru, wuta ta kashe enzayim. Daga nan ku ba su labarin mai wankin allo. Ku koya musu alamu: yawu, gumi, tsukewar ido, rawar tsoka, da wari. Ku koya musu abin yi: a fitar da mutum waje, a tuɓe tufar, a wanke jiki da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti da kwalbar nan take. Kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai. Dabarar Christison ta wake ce, ita kuwa fiya-fiya a kan gauraya ta da kananzir ko wani abu irinsa, in aka amayar sai ta faɗa huhu.

Na biyu ga hukumar kwaleji da kowace makarantar kwana. Kada a sayi wake ko kifi sai an tambayi yadda aka adana shi. A sayi wake da kaka, a ajiye cikin buhu mai riɓi uku, a bar ɗalibai su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. Kada kwalbar maganin ƙwari ta kwana a sito ɗaya da abinci, kada kuma a mai da jarkarta ta mai ko ta ruwa, ko an wanke ta sau goma.

Na uku ga masananmu. Muna da Jami'ar Maiduguri tun 1975, da asibitin koyarwarta, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi. Tun 1961 George Ellman ya fito da hanya mai sauƙi ta auna ƙarfin wannan enzayim cikin ɗan jini, ruwan gwaji ya kan yi rawaya gwargwadon ƙarfinsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1974 doka ta tilasta a riƙa auna jinin masu feshi, wanda nasa ya yi ƙasa a ɗauke shi daga aikin har ya dawo daidai. Ina fata in ga ranar da za a bi masu feshinmu da masu bandar kifi na Tashar Baga a auna su kafin damina da bayanta, a bayyana musu sakamakon da Hausa da Kanuri, a kuma ba mu malamai mu kai aji. Ɗan ƙasa ya taɓa yin irin wannan. Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya bi ƙauyuka har ya danganta wani ciwon jijiya da cin rogon da ba a jiƙa shi sosai ba. Abin da aka yi a Ibadan ba zai gagari Maiduguri ba.

To, ɗana mai tambaya, ka ji ruwanka da enzayim. Kakannin mutanen Kalaba sun yi shekaru aru-aru suna riƙe da waken nan, sun san yana kisa, ba su tambayi yadda ya ke kisa ba. Wasu suka zo suka tambaya, suka sami maganin ido da na tsoka da na mantuwa. Mu ma ga kwalba a hannunmu, mun san tana kisa. Wata rana a ƙauyen da za a tura ka, za a buga maka ƙofa da tsakar dare, domin kai ne Malam, ba kuwa wani likita kusa. Allah ya sa ranar ka tuna ka haska idon yaron. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mana zuriya, amin.